Ninki Biyu Nawa Ne?

Akwai wata 'yar kalma ta Ingilishi wadda mu ke so mu yi magana a kanta cikin wannan shafi. Ko da ya ke ƙarama ce a ido, abin da ke ƙunshe cikinta ya shafi aljihun kowa, tun daga malamin makaranta har mai sayar da dabino a kasuwar Shuwarin. Kalmar ita ce fold, wadda Turawa kan liƙa a wutsiyar ƙidaya, su ce twofold, ko tenfold, ko hundredfold. In aka juya su da Hausa sai a ce ninki biyu, ninki goma, ninki ɗari. Kowane ɗan makaranta ya iya wannan fassara. Amma in ka tara mutum goma, ka ce musu kuɗin mudun gero ya ninka sau biyu, sa'an nan ka tambaye su nawa ya koma, ba lalle su ba ka amsa ɗaya ba. A ganinmu wannan ruɗani babban abu ne, kuma mu da a ke shiryawa domin koyar da yara, mu ne ya wajaba mu warware shi.

Bari mu fara da asalin kalmar, gama wanda ya san mafarin magana ya fi riƙe ta. A tsohon Ingilishi, wanda a ke yi a Ingila kafin Normandawa su ci ƙasar a shekarar 1066, a kan ce feald. Ma'anarta ta fari ita ce a kwantar da wani sashe na tufa ko fata bisa wani sashe. Mutanen wancan zamani su kan ce anfeald ga abin da ya ke falle ɗaya, twifeald ga mai ninki biyu, manigfeald kuwa ga mai ninki da yawa. Wannan ta ƙarshe tana nan da ranta har yau, ita ce manifold, watau abin da mu kan ce ninkin ba ninkin. Jamusawa ma, da ya ke harshensu da Ingilishi uwa ɗaya ta haife su, in za su ce a ninke tufa sai su ce falten.

Bayan zuwan Normandawa sai kalmomin Faransanci suka kwararo cikin Ingilishi, su kuwa yawancinsu daga Latin suka fito, harshen mutanen Rum na da. Daga nan aka samu double, wadda asalinta duplus ne, watau ninki biyu. Daga nan kuma aka samu multiply, kalmar da ke bisa kowane littafin lissafi. Ita wannan kalmomi biyu ne aka haɗa: multus, watau da yawa, da plicare, watau ninkewa. Har simple, da mu kan fassara da mai sauƙi, asalinta falle ɗaya ne, complicated kuwa abin da ya nannaɗe da juna. To, kun gani, ko ta hanyar Jamusawa aka bi, ko ta hanyar mutanen Rum, wuri ɗaya a ke ɓullowa, watau wurin mai ninke tufa.

Sai dai a yi hattara da wata fold ɗin dabam, wadda ke nufin shingen da a ke kwanar da tumaki. Rubutunsu ɗaya ne a yau, amma a tsohon Ingilishi wannan falod ce, ba ta kuwa da dangantaka da ninki. Kama da wane ba ta wane.

Yanzu mu juyo gida. Mace ta kan ninke zanenta ta sa a adaka, ɗinki ya kan ninka yadi kafin ya sa almakashi, malami ya kan ninke takarda ya sa a gafaka. Da wannan kalma ɗaya Bahaushe ke cewa dukiyar wane ta ninka. Muna kuma da riɓi, mu ce riɓi biyu, ko mu ce abu ya riɓanya. Babu wanda ya ari wannan dabara daga wani. Hausa da Ingilishi ba dangi ba ne, kakanninmu kuwa suna cewa ninki tun ba su taɓa ganin Bature ba. Abin da ya faru shi ne, mutanen ƙasashen nan biyu kowa ya dubi tufa a hannunsa, ya ga falle ɗaya ya zama biyu, ya ɗauki sunan wannan aiki ya ba lissafi.

Akwai kuma wata kalma tamu, ita ce sau, kamar a ce uku sau huɗu sha biyu. Sau da sawu abu ɗaya ne, watau Bahaushe yana ƙidaya zuwa da komowa, sawu nawa aka yi. Turawa a nan lokaci su ke ƙidayawa, su ce times. Larabawa kuwa bugu su ke kiran wannan lissafi, su ce darbu. Ita 'yar gicciyen nan da mu ke rubutawa tsakanin lambobi biyu, wani malamin lissafi na Ingila mai suna William Oughtred ne ya bazu da ita cikin littafinsa na shekarar 1631.

Kada wani ya zaci kakanninmu ba su iya babban lissafi ba. A zamanin wuri, mai ƙirga ya kan ja biyar biyar da yatsunsa, ya yi tsibi tsibi. Ashirin hauya ce, ɗari zangu, in dubu ta yi yawa sai a koma zambar, a ce zambar goma, zambar ɗari. Wuri 20,000 shi ne keso guda. Sa'ad da Heinrich Barth ya zo Kano a shekarar 1851, ya tarar wuri 2,500 a ke ba da riyal ɗaya na azurfa, watau keso guda riyal takwas ke nan. Da kuɗin Turawa suka shigo, fam ɗari cikin jaka guda a ke ɗaurewa, sai sunan ya bi kuɗin. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta gaji fam, kowane fam ya zama naira biyu, shi ya sa har yau in ɗan kasuwa ya ce jaka, naira 200 ya ke nufi. Mutanen da suka riƙe irin wannan ƙidaya da ka, ba takarda ba alƙalami, ba za a ce jikokinsu su kasa sanin ninki biyu ba.

To, ina ruɗanin ya ke? Ɗauki takarda falle ɗaya ka ninka ta sau ɗaya, ta zama falle biyu. Ka sāke ninkawa, watau sau biyu ke nan, ba falle uku za ka gani ba, huɗu za ka gani. Sau uku takwas, sau huɗu sha shida, in da takarda za ta yarda a kai sau goma, da sai a sami falle 1,024. Ashe ƙidaya biyu ce ke tafiya cikin kalma ɗaya. Akwai ƙidayar falle, nawa su ke bayan an gama. Akwai kuma ƙidayar aiki, sau nawa hannu ya ninka. Threefold na Turawa falle ya ke ƙidayawa, watau abin ya zama uku, kamar wasiƙar da aka karya uku za a sa a ambulan. Ninki uku namu ma haka ya ke. Amma da zarar an cusa sau a tsakani, aka ce ya ninka sau uku, to, an buɗe wa gardama ƙofa.

Ga misali. A ce mudu naira 500 ne, sai aka ce ya ninka sau biyu. Na fari ya ce ya zama 1,000, gama biyu sau ɗari biyar ke nan. Na biyu ya ce a'a, an ƙara kwatankwacinsa har sau biyu bisa na asali, ya zama 1,500. Na uku, wanda ya tuna da takarda, ya ce 2,000 ne. Duk su ukun Hausawa ne, duk kuwa kowa yana da hujja daga lafazin. Tsakanin na fari da na uku akwai naira dubu cur a kan mudu ɗaya.

Ba mu kaɗai ne wannan abu ya dama ba. Larabawa suna da kalmar di'ifu, malaman lugga da na fiƙihu kuwa sun daɗe suna saɓani a kanta. In mutum ya yi wasiyya a ba wane di'ifin rabon ɗansa, waɗansu sun ce kwatankwacin rabon ne sau biyu, waɗansu sun ce kwatankwacinsa ne kawai. In ya ce di'ifi biyu, akwai waɗanda suka ce uku ya ke nufi. Dubi yadda kalma guda ta ke iya rage wa maraya gona ko ta ƙara masa. Su Turawa ma har yau suna musu a kan three times more, ko uku ne ko huɗu. Bambancinmu da su shi ne, su sun rubuta saɓaninsu cikin littattafai, suna kuma gargaɗin almajiransu. Mu kuwa mun bar abin yana yawo a kasuwa da rediyo ba mai tsawata masa.

Wani zai ce, ai wannan gardamar 'yan makaranta ce, me ta ci me ta sha? Bari mu duba. A shekarar 2019 aka yanke mafi ƙanƙantar albashi a Nijeriya naira 30,000, a shekarar 2024 aka mai da shi 70,000. In aka raba saba'in da talatin, za a sami biyu da sulusi. Watau albashin ya zama ninki biyu da sulusi, ƙarin da aka yi kuwa naira 40,000 ne. Wanda aka gaya wa an ninka albashi sau biyu har da ɗoriya, in ya bi lissafin takarda, sai ya sa rai da abin da ya wuce 120,000, ya kama cin bashi a kan kuɗin da ba za su zo ba. A ɗaya gefen kuma, bayan da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga wajen naira 190 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, watau ta doshi ninki uku. Ma'aikacin da ya iya ajiye waɗannan ninki biyu gefe da gefe, shi ne zai san ko gaba ya ci ko baya.

Haka kuma batun yawan jama'a. A zamanin Turawa Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Kano. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka kafa Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninta, a shekarar 2011 kuma aka kafa mata Jami'ar Tarayya. Duk wanda ya san garin sa'ad da Garu ce cibiyarsa, in ya ga inda gine gine suka kai, sai ya ce jama'a sun ninka ninkin ba ninkin. Wannan magana ce ta mamaki, ba laifi a faɗe ta a zaure. Amma mai tsara makarantu ba zai yi aiki da ita ba. Ƙidayar 1991 ta ba Jigawa mutum kusan miliyan 2.9, ta 2006 kuwa ta ba ta sama da miliyan 4.3. Wannan ninki ɗaya da rabi ne, watau an ƙaru da rabi cikin shekara goma sha biyar. Inda a ke da aji biyu, ana bukatar uku. Wanda ya ce huɗu ya ɓata kuɗi, wanda ya bar su biyu ya cushe yara.

A nan ne kuma masu fassara su ke yawan tuntuɓe. In Bature ya rubuta cewa farashi ya ƙaru da kashi 200 cikin ɗari, kunnen Bahaushe ba ya karɓar wannan, gama kashi yanki ne na abu, yaya kuwa yanki zai fi uwarsa? Sai mai fassara ya ga ɗari biyu, ya yi maza ya ce ninki biyu. Kuskure ne. Ƙarin kashi 100 shi ne ninki biyu, ƙarin kashi 200 ninki uku ne, domin na asali yana nan ba a ɗebe shi ba. Har wa yau, abin da ya hau da kashi 100, in ya sauko da kashi 50 kawai ya koma inda ya ke, tun da rabin dubu ɗari biyar ne. Hawa da sauka ba da mudu ɗaya a ke auna su ba.

Amma inda rashin sanin ninki ya fi cutar talaka shi ne wurin bashi da wurin 'yan damfara. Manomi ya kan rasa abinci lokacin shuka, ya karɓi buhu ɗaya a kan zai biya biyu da kaka. In damina ta yi gardama ya kasa biya, aka ɗaga masa zuwa baɗi bisa sharaɗin nan, biyun sun zama huɗu, shekara ta uku takwas. Shi yana lissafin ƙari, ɗaya, biyu, uku. Mai bashi yana lissafin takarda, biyu, huɗu, takwas. Kafin ya farga gonar gado ta tafi. Ba banza ba aya ta 130 ta Suratu Ali Imrana ta ambaci riba mai ninkuwa sa'ad da ta ke hana cinta.

Domin a ga ƙarfin irin wannan ninki, a ɗauki dara mai gurbi talatin. A sa ƙwayar gero ɗaya a gurbin fari, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa haka. Gurbi na goma ƙwaya 512 kaɗai zai ɗauka, ko cikin tafi ba su yi ba. Amma in aka kai na talatin, jimlar ƙwayoyin 1,073,741,823 ce. Ibnu Hallikan, malamin tarihi na ƙarni na 13, ya kawo irin wannan lissafi a kan darar Hindu mai gida 64, jimlarta kuwa lamba ce mai harafi ashirin.

To, da wannan ma'auni sai a auna alkawarin masu cewa a kawo kuɗi su ninka. A shekarar 2016 wani shiri mai suna MMM ya game Nijeriya, yana alkawarin ƙarin kashi 30 cikin ɗari kowane wata. In da gaskiya ne, wanda ya zuba naira 10,000 ya bar ta tana hauhawa, bayan shekara guda zai tarar da wajen 233,000, bayan shekara biyu sama da miliyan biyar. A watan Disamba na shekarar aka rufe asusun mutane. A watan Afrilu 2025 wani mai suna CBEX ya rushe da dukiyar jama'a, shi kuwa ninki biyu ya yi alkawari cikin kwana talatin. Ninki biyu kowane wata, a shekara ninki 4,096 ke nan, watau naira 10,000 ta zama miliyan arba'in da ɗoriya. Wace gona, wace fatauci ke haifar da haka? Yaron da aka taɓa sa shi ya ninka takarda a aji, ya ƙirga fallayenta da hannunsa, da jin wannan zai gane lissafin dokin Rano ne. Masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, mu kuwa muna ƙarawa da cewa jahilcin lissafi shi ke murɗa mabuɗin.

Ninki na gaskiya yana nan, a gona ya ke, amma yana da lokaci yana da iyaka. Ƙwayar gero ɗaya ta kan ba da zangarniya cike da ƙwaya, sai dai bayan an yi noma an jira damina. Mutanen ƙasar Dutse, da Allah ya albarkace su da dabino har aka kafa tashar binciken dabino a garinsu, sun san wani abu kuma. Dabino akwai namiji akwai mace, macen kaɗai ke 'ya'ya. In ka shuka ƙwallo ɗari, wajen rabinsu maza za su fito, ba kuwa za ka rarrabe ba sai sun yi fure bayan shekaru. Wanda ya zauna da alli ya ce itace ɗari sau kaza kuɗi kaza, ya yi lissafi daidai, amma gonar za ta ba shi rabi. Shi ya sa masana su ke dasa 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa, gama su halin uwarsu su ke ɗaukowa. Lissafi ba ya ƙarya, sai dai in an ba shi ƙarya ya ninka.

Mun san akwai masu cewa harshe ba a yi masa doka, mutanen kasuwa kuwa suna fahimtar juna ba tare da mu ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma mai saye da mai sayarwa suna fahimtar juna ne domin kuɗin yana gabansu, suna ƙirgawa. Cutar tana zuwa ne inda magana ta yi nisa da kuɗin, cikin labarin rediyo, da takardar yarjejeniya, da wasiyya, da alkawarin riba. Ba mu ce a hana tsohuwa cewa jikokinta sun ninka ninkin ba ninkin ba. Muna magana ne a kan aji, da ofis, da gaban alƙali.

Saboda haka ga shawararmu, abu huɗu. Na fari, in za a koya wa yaro fold ko multiply, a fara ba shi takarda ko ƙyalle ya ninka, a gaya masa Bature ma abin da ya ke nufi ke nan. Kalmar da yaro ya gane daga hannunsa ba ya mantawa da ita. Na biyu, a makarantunmu a tsaya a kan ƙa'ida ɗaya: ninki biyu shi ne abu ya zama biyu, ninki uku ya zama uku, kada a sa sau bayan ninka sai in ana nufin maimaita ninkawa. Na uku, duk wanda zai rubuta cewa abu ya ninka, ya faɗi lambobin biyu, ya ce daga kaza zuwa kaza, mai karatu ya yi hukunci da kansa. Na huɗu, kowane ɗan aji shida, kafin ya fita, a sa shi ya yi lissafin dara da na buhun bashi, ya kai gida ya nuna wa mahaifinsa.

'Yan'uwa, gobe kaɗan za a rarraba mu, wani Kiyawa, wani Jahun, wani Birnin Kudu, wani Gwaram. Kowannenmu zai tsaya gaban yara hamsin ko fiye a shekara, in Allah ya ba shi shekara talatin yana aiki, yara 1,500 ke nan suka bi ta hannunsa. In daidai ya koyar, daidai ɗin zai shiga gidaje 1,500, in kuwa kuskure ne, shi ma haka zai shiga. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Muna roƙon malamanmu na lissafi da na Hausa da na Ingilishi su zauna wuri ɗaya su tsai da wannan ƙa'ida, wanda kuwa ya ga gyara cikin maganarmu, shafin nan a buɗe ya ke gare shi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.